Yadda Ake Binciken Yanayin Zuciya da Wayar Hannu: Jagora ga Ɗalibai da Masu Bincike a Jos

Duk wanda ya taɓa yawo da takardar tambayoyi a unguwannin Jos ya san amsar da ake bayarwa idan aka tambayi mutum yadda yake ji: lafiya lau, sai godiya. Mai faɗin haka ba ƙarya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai wannan amsa ba za ta gaya wa mai bincike cewa mutumin ya kwana uku bai runtsa ba, ko gabansa na faɗuwa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara da tsakar dare. Ko da ya yarda ya buɗe cikinsa, akwai mantuwa. Idan aka ce ya auna makonni biyun da suka wuce, lokacin da ya fi tsanani zai tuno, sai kuma na baya-bayan nan. Donald Redelmeier da Daniel Kahneman sun nuna haka a 1996 a kan marasa lafiyar da aka yi wa gwajin hanji mai zafi: abin da suka riƙe a ƙwaƙwalwa ya bi ƙololuwar zafin da yadda aka ƙare, tsawon lokacin da aka ɗauka kuwa bai yi wani tasiri ba.

Maganin da masana halayyar ɗan'adam suka samo shi ne a tambayi mutum a cikin ranarsa, a taƙaice, sau da yawa. Dabarar ta girmi wayar hannu. Tun a shekarun 1970 Mihaly Csikszentmihalyi da Reed Larson na Jami'ar Chicago suke raba wa mutane 'yar na'ura mai ƙara, duk sanda ta yi kuka sai mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Takarda kuma tana da nata aibin. A 2002 Arthur Stone da abokan aikinsa sun ba masu fama da ciwo mai daɗewa littafin rubuta yanayinsu, suka ɓoye na'urar da ke gane lokacin da aka buɗe shi. A rubuce, kashi 90 cikin 100 an cike a kan lokaci. Na'urar ta nuna kashi 11 ne kacal. Waɗanda aka ba na'urar lantarki kuwa sun kai kashi 94.

Amfanin waya a wannan aiki ke nan: tana tambaya a kan kari, tana kuma buga sa'ar da aka amsa. Sanin abin da ke cikin rai kuwa yana nan a bakin mai ran. A kan wannan fahimta na gina matakan da ke ƙasa, don ƙaramin bincike na kwana 14 wanda ɗalibin digiri na biyu ko ƙaramar ƙungiya za su iya ɗauka.

Mataki na farko: ku tsayar da tambaya ɗaya

“Tasirin waya a kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa” take ne, ba a iya amsa shi. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka tarar amfani da na'urorin zamani bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin jin daɗin rayuwarsu ba. Idan dubban ɗaruruwa suka ba da wannan ɗan ƙaramin sakamako, mutum 40 a Angwan Rogo ba za su warware babbar tambayar ba. Abin da za su iya warwarewa shi ne tambaya mai kaifi, wadda ta shafi mutum da kansa.

Ga misalin da zan bi har ƙarshe: daren da mutum ya daɗe yana bin labaran tashin hankali a WhatsApp da Facebook, yaya barcinsa da natsuwarsa suke washegari, idan aka kwatanta da sauran kwanakinsa? Tambaya ce da ta dace da garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, inda jita-jita kan sa a rufe shaguna a Terminus kafin a san gaskiyarta. A 2018 'yan sandan Filato sun shaida wa BBC cewa hotuna da labaran ƙarya a Facebook suna cikin abubuwan da suka rura wutar kashe-kashen shekarar.

Ku lura da ginin tambayar. Ba a cewa masu yawan riƙe waya sun fi marasa riƙewa damuwa, domin waɗannan rukunoni biyu sun bambanta a shekaru da aiki da aljihu. Ana kwatanta Talatar mutum da Larabarsa. Ku rubuta tambayar da hasashenku da yadda za ku yi lissafi, ku ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, kafin ku tara bayani ko ɗaya, don kada daga baya zuciya ta ja ku ku zaɓi sakamakon da ya fi daɗi.

Mataki na biyu: ku haɗa mutanen da aikin ke bukata

Ana bukatar masanin halayyar ɗan'adam, da wanda ya iya kwamfuta da lissafin bayanai, da likita ko ma'aikaciyar jinya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da kuma ɗan unguwa da mutane suka yarda da shi. Jami'ar Jos tana da sashen nazarin halayya da na kimiyyar kwamfuta, asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo kuma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Saɓanin da za ku fara fuskanta sananne ne. Mai kwamfuta zai so a kwashi duk abin da waya za ta iya bayarwa, tunda akwai shi. Masanin halayya zai so a cusa tambaya talatin. Ku yanke hukunci da ma'auni ɗaya: duk abin da bai taimaka wajen amsa tambayarku ba, a bar shi. Ɗan unguwa kuma a ba shi kujera tun zaman farko, kada a neme shi sai ranar tara mutane. Shi ne zai gaya muku cewa a Gangare mace ce ya kamata ta shiga gida ta yi wa mata bayani, kuma mai unguwa zai so ya ji daga bakinku kafin ya ji a gari.

Mataki na uku: ma'aunai, da gwada su a kunnen mutane

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ma'auni iri biyu za ku riƙe.

Na farko dogo ne, ana cike shi ranar farawa da ranar gamawa. WHO-5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1998, jimloli biyar ne game da jin daɗin rai a makonni biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 5, jimilla 25. Wanda ya samu ƙasa da 13 ana ɗaukarsa yana cikin ƙunci da ya kamata a duba. PHQ-9 na 2001 tambaya tara ne kan alamomin ciwon damuwa, maki daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama ake fara zargin ciwon. Dukansu na tantancewa ne. Ba su ba ku ikon ce wa mutum yana da cuta ba, wannan na likita ne.

Na biyu gajere ne, shi ake turawa a waya, kuma kada ya wuce minti biyu. James Russell ya nuna a 1980 cewa ana iya jera yawancin abin da rai ke ji a kan sanda biyu: daɗi ko rashin daɗi, sai kuma tashin jiki ko lafawarsa. Fargaba da kasala duk ba daɗi, amma ɗaya jiki a tashe yake, ɗaya a mace. Saboda haka tambayoyi irin waɗannan sun isa: Yanzu-yanzu, yaya ranka yake? Hankalinka a kwance yake ko a tashe? Kana ina, da wa? Da safe a ƙara da: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, ka ci karo da labarin tashin hankali a waya jiya da dare?

Idan ma'aunin daga Turanci ya fito, mutum biyu su fassara shi Hausa kowa daban, a haɗa, sannan na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci a kwatanta. Wannan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a zauna da mutum takwas ko goma irin waɗanda za a bincika, a karanta musu, a ji abin da suka fahimta. A ce ma'aikaciyarku tana zaune a tabarma a tsakar gida da wata dattijuwa mai sayar da ƙosai. Ta karanta mata: “A makonni biyun nan, sau nawa kika ji ba ki da sha'awar yin abubuwa?” Sai dattijuwar ta ce, “'Yar nan, da sha'awa da babu, ai sai na kunna wuta da asuba, in ba haka ba me yara za su ci?” Kada a rubuta sifili a wuce. A ce mata, “Haka ne, Mama. To a lokacin da kike suyar, kina jin daɗin hira da masu saye kamar da, ko dai jiki ne kawai ke yi?” Amsar da za ta bayar a nan ita ce abin da tambayar ke nema, kuma ta nuna muku yadda za ku gyara lafazin. Za ku kuma ji mutane da yawa suna kai kukansu ta hanyar jiki: kai ya yi nauyi, ƙirji na zafi, tunani ya yi yawa. Haka Vikram Patel da abokansa suka tarar a Zimbabuwe, har suka gina ma'auninsu na harshen Shona a 1997 daga kalaman da marasa lafiya ke amfani da su. Ku ƙara tambaya ɗaya kan yawan tunani, za ta yi muku aiki.

Hausar Jos ba ta Kano ba ce, kuma da yawan masu jin ta a garin ba ita ce harshensu na gida ba. Ku zaɓi kalmar da Bahaushen Rikkos da Birom ɗin Bukuru za su fahimta daidai. Ga wanda lamba 1 zuwa 7 ke ruɗawa, matakai biyar da kalmomi sun fi: ko kaɗan, kaɗan, tsaka-tsaki, sosai, ƙwarai. Da zarar an fara tara bayani kuma kada a sake taɓa lafazin, domin wanda ya auna rabin buhu da mudu ɗaya, rabi da wani, bai san abin da ke cikin buhunsa ba.

Mataki na huɗu: izini, sirri, da shirin ko-ta-kwana

Kafin ku tunkari kowa, ku kai tsarin aikinku gaban kwamitin ɗa'ar binciken lafiya, kamar na JUTH. Waɗannan kwamitoci suna aiki ne ƙarƙashin kwamitin ƙasa, NHREC, da ke Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya da na addini da na ƙabila cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Duniya ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka tsallake wannan mataki: a 2014 aka wallafa gwajin da Facebook ya yi a kan mutum 689,003, inda aka sauya abin da suke gani na mako ɗaya a Janairun 2012 don a ga ko yanayinsu zai sauya, ba tare da an nemi yardarsu kai tsaye ba. Har yau ana kafa misali da shi.

A Jos akwai abin da nake so ku ɗauka da nauyi fiye da yadda littattafan waje ke ɗaukarsa, wato bayanin wurin da mutum yake. A garin da rikici ya raba unguwanni, taswirar inda waya ke kwana da inda take zuwa ranar Juma'a ko Lahadi ta isa ta faɗi addinin mai ita da gidansa, ko da an goge sunansa. Shawarata ita ce kada ku kunna GPS sam. Ku tambayi mutum: gida, wurin aiki, kasuwa, hanya, makaranta. Ya wadatar.

Takardar yarda a karanta ta da baki, da Hausa, a bar mutum ya yi tambaya. A gaya masa yana iya fita duk ranar da ya so ba tare da ya rasa abin da aka riga aka ba shi ba. Matar aure a gidaje da yawa za ta so mai gida ya sani, kuma a ba ta lokacin sanar da shi. Amma yardarsa ba ta maye gurbin tata, amsoshinta kuma ba za a nuna masa ba. Ku tambayi kowa ko wani na taɓa wayarsa. Inda miji da mata ko wa da ƙani ke amfani da waya ɗaya, saƙon tunatarwa kada ya ɗauki kalmar damuwa ko ƙwaƙwalwa; “Lokacin tambayoyi ya yi” ya isa. Sunaye da lambobin waya su zauna a fayil daban mai kulle, amsoshi kuma su ɗauki lambar sirri kawai.

Tambaya ta tara a PHQ-9 tana tambaya ne kan tunanin mutuwa ko cutar da kai. Idan ba ku da likitan da ya amince a kira shi a ranar, da hanyar kai mutum asibiti, to ba ku shirya yin wannan tambaya ba. Ku rubuta tun farko: wa zai duba amsar, cikin awa nawa, wa zai kira, me zai ce. Ku tuna dokokin hukunta laifuka na ƙasar nan sun daɗe suna lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, don haka mutum na da dalilin jin tsoron faɗa, ku kuma kuna da dalilin tsare amsarsa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi haƙƙin sirri ga masu lalurar. Ku karanta ta.

Mataki na biyar: kayan aiki

KoboCollect da ODK Collect kyauta ne, suna aiki a Android ba tare da sabis ba, suna adana amsa har a samu intanet, suna kuma rubuta lokacin farawa da gamawa. Ba sa buga ƙararrawar tunatarwa da kansu, don haka sai a haɗa da saƙon tes ko a saita agogon wayar. Manhajar m-Path, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Leuven ta Beljiyam, don irin wannan bincike aka yi ta, kuma tana tura sanarwa. Ga wanda ba ya karatu, a naɗi tambayoyin da murya a saka cikin fom ɗin. Mai ƙaramar waya kuma a kira shi. In kun ware masu ƙananan wayoyi, kun ware talakawa da dattawa da mata da yawa, sai ku faɗi haka a rahotonku.

Akwai manhajoji irin Beiwe, daga ɗakin binciken Jukka-Pekka Onnela na Harvard, masu kwasar motsin waya da kansu dare da rana, ba sai mutum ya danna komai ba. Ga aikin farko ban ba ku shawararsu ba: suna cin batir, suna bukatar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai ta adana, suna kuma tara abin da ba ku da ƙarfin tsarewa. Yawancin wayoyin Android suna da sashen Digital Wellbeing mai nuna mintunan da aka yi a kowace manhaja. Mutum ya buɗe da safe ya kwafi lambar WhatsApp da Facebook ta jiya. Ya ga abin da yake bayarwa da idonsa, kuma lambar ta fi ƙiyasin baki inganci.

Ranar rajista, ku karɓi wayar kowa a gabansa ku duba saitin batir. Wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tsimin caji, sai sanarwa ta daina zuwa. Ku tura gwaji ɗaya, ku ga ya shigo, mutum ya amsa da hannunsa kafin ya tashi.

Mataki na shida: jadawali da gwajin farko

Sau huɗu a rana ya isa: bayan an karya, kafin azahar, bayan la'asar, bayan isha'i. A bar sa'ar tana ɗan motsawa cikin kowane zango don kada mutum ya shirya amsa, a kuma ba shi minti 30 zuwa 60 kafin fom ya rufe. A kauce wa lokutan salla, da tsakar ranar Juma'a, da safiyar Lahadi ga masu zuwa coci. Ɗan keke a gaya masa sarai: kada ya taɓa waya yana tuƙi, tambayar ta wuce ba komai. Azumi yana juya barci gaba ɗaya, makon jarrabawa ma haka, sanyin Disamba da Janairu na Jos kuma yana sauya lokacin kwanciya. Ko dai a kauce musu, ko a shiga da sani. Idan aka sa dokar hana fita ana tsakiyar aiki, ku rubuta ranar, ku kira kowa ku tambayi lafiyarsa, ku bar masa zaɓin ci gaba ko tsayawa.

Ku gwada da mutum biyar na kwana uku tukuna. Sannan ku ɗauki mutum 40. Sau 4 a rana na kwana 14 zai ba da amsa 2,240 in an cike duka. Ko kashi 70 aka samu, kuna da 1,568. Ku biya kuɗin data da caji tun farko, sai ɗan alheri a ƙarshe. In aka ɗaura kuɗi a kan kowace amsa, wasu za su riƙa dannawa ido rufe. A rana ta biyu da ta bakwai a kira kowa, a gaisa, a ji ko akwai matsala.

Mataki na bakwai: karanta abin da aka tara

Ku fara da ido kafin lissafi. Ku zana layin kowane mutum na kwana 14. Fom ɗin da aka gama cikin daƙiƙa goma, ko mutumin da ya ba da amsa iri ɗaya sau hamsin, za su fito fili. Ku duba giɓi da kyau, domin sau da yawa ranar da mutum ya fi shiga damuwa ita ce ranar da bai amsa ba, kuma wannan na iya sa sakamako ya fi gaskiya haske.

Amsoshin mutum ɗaya 'yan gida ɗaya ne, ba a lissafa su kamar na mutane daban-daban. Ana amfani da lissafi mai hawa biyu, ranaku a ƙarƙashin mutum; kunshin lme4 na manhajar lissafi ta R yana yin sa, jamovi ma haka ga wanda bai iya rubuta umarni ba, duk kyauta. Ku fitar da matsakaicin kowane mutum, ku auna kowace rana da nisanta daga nasa matsakaicin. Ko kun ga alaƙa, ku yi hattara da alƙiblarta: mai yiwuwa labarin ne ya hana barci, mai yiwuwa rashin barcin ne ya sa aka ɗauki waya. Tsarin lokaci, dare kafin safiya, yana taimakawa amma bai yanke hukunci ba.

Za a kawo muku tayin manhajar da ke karanta fuska. Mun gaji karin maganar da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tsakanin uwa da ɗanta tana da gaskiya. Amma bitar da Lisa Feldman Barrett da abokanta suka wallafa a 2019 ta nuna motsin fuska shi kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen gane abin da mutum ke ji, balle a al'ummar da ake yaba wa mai haƙuri da mai kunya saboda iya danne fuska. Rubutu ya fi dama. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka yi wa alamar yabo ko suka ko tsaka-tsaki. Kuna iya gwada na'urar da aka horar da shi a kan gajerun bayanan da mutanenku suka rubuta, amma mutum biyu masu jin Hausa su karanta wani kaso da kansu a kwatanta. “Mun gode Allah” na iya fitowa daga bakin wanda aka yi wa haihuwa, yana iya fitowa daga wanda shagonsa ya ƙone, kuma na'ura za ta ba su maki ɗaya.

Mataki na takwas: ku mayar wa mutane abinsu

Kowane mahalarci a ba shi zanen kwanakinsa a takarda ɗaya, a zauna da shi shi kaɗai a yi masa bayani. Sakamakon gaba ɗaya, ba suna ba unguwar kowa, a gabatar da shi da Hausa a makarantar unguwa ko ɗakin taro, zama na mata daban in haka aka fi so. Wanda makinsa ya nuna yana bukatar likita a sake tuntuɓarsa a ji ko ya samu zuwa. Sannan a taimaka wa kowa ya cire manhajar daga wayarsa, a goge fayil ɗin sunaye da lambobi a ranar da takardar yarda ta ambata, a kuma aika wa kwamitin ɗa'a rahoton rufe aiki.